Ƙaiƙayin Gero a Idon da Aka Yi wa Aiki

Abubuwa da yawa sun same ni a wajen aiki waɗanda yau sai an tuna mini nake tunawa. Sa ya taɓa karya mini haƙarƙari, raƙumi ya cije ni a kafaɗa, na kuma taɓa ɓata tsakanin rijiyoyi ni da moto, wato babur, babu mai. Duk waɗannan sun zama labarin ban dariya a wurin shan shayi. Amma hantsin da ƙaiƙayin gero ya faɗa mini a idon dama, a masussukar ƙauyenmu, shi kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Ko na so in manta ma, tabaran da ke kan hancina ba zai bar ni ba.

Aikina allurar dabbobi ne. Daga Dakoro ake tura mu, mu bi rijiya rijiya muna yi wa shanu da awaki da raƙuma rigakafi, muna duba marasa lafiya a cikinsu. Kuma tun ina ajin farko na kwaleji nake sa tabarau, daga ranar da wani mushe, wato malaminmu, ya lura ba na iya kwafe abin da ya rubuta a allo sai na taso na zo gaba. Ba ƙaramin tabarau ba ne, kaurinsa kamar gindin kwalba. In na cire shi, mutum na tsaye a ƙofar gida ba zan iya cewa namiji ne ko mace ba sai ya yi magana. Ɗan gwaggona, wanda yake taubashina kuma sa'ana, shi ya laƙa mini Ido Huɗu, sunan ya bi ni har bayan na yi aure na haihu.

Wanda bai taɓa kama ɗan maraƙi da tabarau a fuska ba, ba zai gane wahalar ba. Zufa ta sa ya zame, saniya ta kaɗa kai ta ture shi, ka durƙusa kana laluben sa cikin kashin shanu, makiyaya na tsaye suna danne dariya saboda kai ma'aikacin gwamnati ne. Na karya nawa ban san adadi ba. Na tsani abin nan tsana ta gaske.

Wata shekara aka tura ni ƙarin karatu na wata uku a wata ƙasa ta arewacin Afirka. A can na haɗu da wani abokin karatu da ya ce mini shi ma da haka yake, aka yi masa aiki da hasken lazer, ya jefar da tabaransa. Ban yi barcin kirki ba sai da na je asibitin. Likitar mace ce, mai yawan dariya. Ta auna idanuna da injuna iri-iri, ta ce za a iya. Sai ta ɗauki takarda ta zana mini abin da za ta yi.

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garau kamar ruwa, wanda ba ka lura da shi sai ka kalli idon mutum ta gefe. Ta cikinsa haske ke shiga. Ta ce za ta yanko ɓawo siriri daga samansa, amma ba za ta cire shi duka ba, za ta bar shi a manne ta gefe ɗaya kamar ƙyauren ɗaki. Ta buɗe shi, hasken ya kankare ɗan kaɗan daga abin da ke ƙasa don ya gyara lanƙwasar tantanin, sannan ta mayar da ɓawon ta shimfiɗa. Shi ke nan, babu ɗinki.

Ni da na saba ɗinke fatar dabba, sai na ce, "In babu ɗinki, me zai riƙe shi?"

Ta ce tambayar da take so ke nan. Da farko idon ne da kansa zai tsotse ɓawon ya manne. Cikin kwana ɗaya ko biyu fatar da ke can sama, wadda take da saurin tsiro, za ta rufe bakin yankan, zafi ya tafi, in ga garau, in ɗauka na warke. Ta buga alƙalami a tebur ta ce a nan mutane ke ruɗuwa. Tantanin nan ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa yake garau. Da hawaye da iska da ruwan cikin ido yake rayuwa. Wurin da jini ba ya zuwa kuwa ba ya haɗewa da wuri. Sai an yi makonni kafin gefen ɓawon ya fara kamawa sosai, watanni kafin ya yi ƙarfi, tsakiyarsa kuma ba za ta taɓa komawa kamar wadda ba a yanka ba. Jijiyoyin ji da aka yanke su ma a hankali za su sake tsirowa, don haka idon zai daɗe yana bushewa. Ta ƙirga mini dokoki a yatsu: kada in murza, kada kowa ya taɓa, in riƙa ɗiga magani a kan lokaci, in sa baƙin tabarau duk inda akwai rana ko iska, in nisanci dabbobi wata guda.

Ina jin ta ina gyaɗa kai, a raina ina cewa ai wannan huɗubar tawa ce. Ita nake yi wa makiyaya kullum. In na ɗaure wa doki ƙafa na ce a bar shi kwana goma, ranar uku za ka tarar an kwance an hau, wai ai ya daina ɗingishi. Na yi wa mutane faɗa a kan haka har muryata ta dushe. Ban taɓa kawowa a raina ni ma ɗaya ne daga cikinsu ba.

An yi aikin a ƙarshen zamana, idanu biyu rana ɗaya. Washegari da safe na buɗe taga na ga ganyen itace ɗaya bayan ɗaya, ba tabarau. Ban ji kunyar kowa ba, na yi kuka.

Saura magana ɗaya, ita ce Inna. Ni kaɗai ne ɗanta namiji. Tana yarinya wani mai yawo gari gari yana ture wa tsofaffi yanar ido da allura ya sauka ƙauyensu, ya yi wa babban wanta. Kwana biyu kawu yana murna yana ganin haske, ranar uku idon ya kumbura, daga baya ya tsiyaye. Inna ce ta riƙa ja masa sanda. Shekarun baya na taɓa tsokano mata zancen aikin ido a cikin hira, ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "In dai ina da rai, ba mai sa ma ƙarhe a ido." Saboda haka matata kaɗai na gaya wa. Ta ce in faɗa wa Inna tun da an riga an yi. Na ce sai idon ya gama warkewa, lokacin ba abin da zai tsorata ta. A ganina dabara na yi.

Na iso Dakoro kwana tara bayan aikin. Na huta kwana ɗaya, washegari na hau moto na nufi ƙauyenmu a yankin Korahane don in gaida Inna. Kaka ce, an gama yankan gero, ko'ina damma ne a jingine. Da baƙin tabarau na yi tafiyar, amma ina hango rumbunan garin na tsaya na cire shi, na cusa a jakar moto tare da kwalaben maganin. Dalili biyu ne. In Inna ta ga magani za ta yi tambaya. Na biyun kuma ya fi muni, so nake taubashina ya ga idona tsirara.

Inna na ganina ba tabarau ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Ina lunet ɗinka? Ka sake karya shi?"

"A'a, Inna. Can anka yi mani magani, idon ya washe."

Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Ta kama fuskata da hannu biyu tana kallo, tana ta godiya ga Allah. Ta ce rabonta da ganin idona haka tun ina yaro. Na ji daɗi, na bar maganar a haka.

Taubashin nawa bai ɓata lokaci ba. Ya shigo ya zagaya ni sau biyu ya ce, "Innalillahi, Ido Huɗu ya yi hasarar biyu a ƙasar mutane. Wa ya sace su?" Bai yarda ba sai da ya gwada ni. Ya fitar da ni ƙofar gida ya nuna wasu zabi can gindin aduwa ya ce in ƙirga. Na ƙirga, na ƙara masa da cewa ɗaya gurguwa ce. Ya riƙe baki. Kaina ya kumbura, na ce mu je masussuka in gaida Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma tun rasuwarsa ita ce babba a gidanmu. An san ta a ƙauyukan da ke kewaye da abu ɗaya: cire abin da ya faɗa ido. Tsakuwa, ƙwaro, ƙaiƙayi, gashi, duk wurinta ake kawowa. Za ta kurkure baki da ruwa, ta dafe kan mutum a cinyarta, ta juya fatar idon da babban yatsa, ta zura harshe ta share, sannan ta tofa a tafin hannu ta nuna maka abin. Ba ta karɓar komai sai in ka kawo goro. Ni kaina ta yi mini ban san sau nawa ba ina yaro. A garinmu in abu ya faɗa ma ido ba a tambayar me za a yi, Gwaggo ake kira.

Mun tarar mata sun gama sussuka suna shiƙa. Kowace ta ɗaga ƙwarya sama tana zubo gero, iska na kwashe ƙaiƙayin gefe guda. Ko ɗan shekara biyar ya san ta inda ake tsayawa. Na tsaya ta wajen da ya kamata, na durƙusa na gaida Gwaggo, ina miƙewa iskar ta juya. Na runtse ido amma na makara. Na ji abu ya shige ƙarƙashin fatar idon dama, hawaye ya ɓalle.

Na riƙe hannuna da ɗaya hannun don kada in murza. Abin da ya kamata in yi na san shi sarai: in koma wurin moto, in ɗauko kwalbar ruwan hawayen da likita ta ba ni, in wanke. Na juya zan tafi, Gwaggo ta riƙe mini riga.

"Mi ya hwaru?"

"Ƙaiƙayi ne, Gwaggo, ba komi. Shi hita da kanshi."

"Zamna nan."

"Bari in je in wanke da ruwa."

"Kai! Tun kana yawo ba wando nike cire ma ƙasa a ido. Yau don ka hau jirgi za ka ƙi bakina?"

Matan suka sa dariya. Wata ta miƙo mata ruwa ta kurkure baki. Lokacin ne Inna ta iso, ta biyo mu da fura. Ta ji abin da ake ciki ta ce, "Zamna mana, kak ka ba ta kunya gaban mutane."

Na sha komawa wurin nan a tunanina. Magana ɗaya ce ta rage in yi, an yi wa idon aiki. Amma ga Inna tsaye da ƙwaryar fura, ga murnar da ta gama yi ɗazu, ga mata kusan ashirin. Sai na fara lissafin wawaye. Na ce ai harshe abu ne mai laushi, ƙaiƙayin kuma sama yake, ba za ta taɓa baƙin idon ba, minti ɗaya an gama. Ni da na yi karatun jikin dabba, ni da likita ta ƙirga wa dokoki a yatsu, na zauna na ɗora kai a cinyarta.

Ta dafe goshina, ta ɗora babban yatsa kan fatar idon tana neman juya ta. Ina jin nauyin yatsan, ina jin numfashinta ya matso, sai tsoro ya kama ni gaba ɗaya. Na fizge kai. Yatsan ya zame ya goge tsakiyar idon.

Zafin ba ya faɗuwa. Amma ba zafin ne ya fi tayar mini da hankali ba, abin da na gani ne da na ɗan buɗe idon. Komai ya zama fari-fari, kamar ina kallo ta cikin ƙasari. Gwaggo ta sake kama kaina ta leƙa, ta ce, "Tsaya, tsaya. Ɗan nan, akwai wata yana da ta naɗe bisa baƙin idonka. Ita ce ta dame ka. Bari in ciro ta."

Na ga inuwar yatsunta biyu suna tahowa. Ban san lokacin da na riƙe mata wuyan hannu ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba a rayuwata.

"Kak ki taɓa! Ba yana ba ce, idona ne! Aiki anka yi mai, yanka shi anka yi!"

Ƙwaryar da ke sama ta sauko. Da idon hagu na kalli Inna, tana tsaye yadda take, furar na zuba a ƙafarta ba ta sani ba.

Taubashina ne ya fara motsi. Na ce ya samo mini abin da zai rufe idon ba tare da ya danne shi ba. Ya ruga ya dawo da ɗan kofin shayi na gilashi, muka kife shi a kan idon, ya naɗe da rawaninsa. Ya tada moto, na hau bayansa. Kafin mu ja, Inna ta gyara zane ta hau bayana. Ba wanda ya ce ta zo, ba wanda ya isa ya ce ta sauka. Hanyar yashi ce da gargada, amma tun daga ƙauye har Dakoro tafin hannunta na kan ƙeyata, tana tallafe kaina kada ya girgiza. Ko tari ba ta yi ba.

A Dakoro muka bar moton muka shiga motar Maradi. A hanya na sa taubashina ya kira mini likitar da ta yi aikin. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce kada in buɗe, kada in ɗiga komai, in sami likitan ido mai madubin aiki yau ɗin nan, in ba shi lambarta. Na tambaye ta ko zan rasa idon. Ta ce ya danganta da ko ɓawon na nan, da kuma abin da ya shiga ƙarƙashinsa. Na tuna yatsan Gwaggo, tun asuba take cikin gero da ƙasa. Taubashina ya ga yadda na yi, sai ya raɗa mini, "Kak ka damu, ko ya tahi ɗaya ya ishe ka, da ma huɗun sun yi ma yawa." Na so in mare shi, amma na yi murmushi, kuma na san don haka ya faɗa.

Mun isa asibitin ido kafin la'asar. Likitan dattijo ne marar yawan magana. Ya kwance rawanin, ya ɗaga kofin shayin ya dube shi ya ce wanda ya yi wannan ya kyauta. Ya sa haɓata a kan injin fitila ya daɗe yana kallo. Ya ce ɓawon ya zame ya naɗe gefe guda kamar tabarma, amma bai tsinke ba, yana nan riƙe da maƙalinsa. Ya yi magana da likitar can a waya cikin Faransanci. Sannan ya juya fatar idon da ɗan tsinken auduga ya ɗauko ƙaiƙayin, don har lokacin yana ciki. Ya nuna mini. Bai kai rabin ƙwayar gero ba.

A nan ne Inna ta yi maganarta ta farko tun hantsi.

"Likita, idon zai tsiyaye?"

Ya juyo da kujerarsa ya fuskance ta. Ya ce, "Inna, ba ni yi maki alkawali, amma ina sa rai." Ya bayyana mata da Hausa, a hankali. Zai ɗaga ɓawon ya wanke ƙarƙashinsa sosai, ya shimfiɗa shi ya goge ƙudundunen da ya yi, ya ɗora masa wani ɗan madubi mai laushi da zai zauna a kan idon kamar bandeji. Abu biyu yake tsoro. Na ɗaya, datti ya sa wurin ya yi ruwa. Na biyu, fatar saman ido. Ya ce ita ba ta da haƙuri, duk inda ta ga buɗaɗɗen wuri sai ta tsiro ta rufe, kuma tun ɗazu ta fara rarrafawa cikin wurin da ɓawon ya tashi. In bai kankare ta ba, zai rufe ɓawon a kanta, ta ci gaba da tsiro a ciki ta dusashe gani. Inna ta saurara har ƙarshe ta ce, "To, yi."

Mamaki ya kama ni. Matar da ta rantse ba mai sa mini ƙarfe a ido, ita ce ta ba da izini.

Aikin bai daɗe ba. Da ya gama, farin nan ya ragu, na fara ganin siffar fitila da kan mutum, amma kamar ta bayan labule. Muka sauka gidan wani ɗan'uwa a Maradi, taubashina ya koma gida, Inna ta ƙi. Ta karɓe kwalaben maganin daga hannuna. Ba ta iya karatu ba, sai ta ɗaura wa kowace zare mai launi daban, ta sa aka gyara mata waya tana ƙara duk awa. Ba ta taɓa kuskuren ko ɗaya ba. In hannuna ya doshi fuskata, ko hanci zan sosa, sai in ji ta kaɗe shi. Amma banda "buɗe" da "rufe" ba ta ce mini komai. Na gwammace ta zage ni.

Kullum da safe muna asibiti. Likitan kan ɗiga wani magani rawaya ya haska shuɗiyar fitila, duk inda fatar sama ba ta rufe ba sai ya yi kore. Ranar farko ya ce koren ya zagaye gefen ɓawon. Ranar biyu ya ragu. Ya kan kira Inna ta leƙa ta madubin, ya nuna mata yadda fatar ke tahowa daga gefe tana cinye koren. Ranar biyar babu kore ko ɗigo, idon bai yi ruwa ba, ya cire ɗan madubin. Na yi ajiyar zuciya na ce Alhamdulillahi, an warke. Ya dube ni ta saman tabaransa ya ce, "Kai ba ka daddara ba? Sama ce ta rufe. Ƙasan yanzu ya soma."

Haka kuwa aka yi. A mako na uku wani ɗan farin ɗigo ya bayyana a gefen ɓawon, ragowar fatar nan ce da ta maƙale a ciki. Ya ce mu zuba mata ido, in ta doshi tsakiya sai an sake ɗagawa. Wata biyu ina zuwa Maradi ana auna ta. Allah ya taimake ni ta tsaya inda take. Bushewar ido kuwa ta kai ni har wata damina, kullum da kwalbar hawaye a aljihu. Idon hagu, wanda ba wanda ya taɓa shi, ya warke lafiya lau ba tare da na san yana yi ba. Na daman ya dawo, amma bai dawo duka ba. Ƙudundunen ya bar ɗan sawu, rubutu na nesa yana yi mini inuwa. Bayan wata shida likitan ya rubuta mini tabarau. Siriri ne, gefen hagu ma gilashi ne kawai, amma tabarau ne. Ranar da taubashina ya gan ni da shi ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah mun gode, ɓarayin sun maido biyun."

Gwaggo ta zo Dakoro da kanta, da kaza a hannu, matar da rabonta da shiga mota an yi shekaru. An ce mini kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ta zauna a tabarma ta ce, "Hannuna bai taɓa ɓata idon kowa ba sai na ɗan ƙanena." Na durƙusa na ce ba hannunta ba ne, kaina ne ya fizge, bakina ne ya yi shiru, ni ya kamata in kawo kaza. Har yau ana kai mata mutane. Na yi na yi ta bar harshen, ta ce in bar ta da abin da ta gada. Amma na ajiye mata ruwan wankin ido daga farmasi, tana fara gwada shi, kuma yanzu kafin ta taɓa kowa sai ta tambaya, "Likita ya taɓa shiga idon nan?" In an ce i, ko goro ba ta karɓa, sai ta ce a tafi asibiti.

Inna kuwa sai ranar da za mu baro Maradi ta yi mini magana. Tana naɗe kayanta, ba ta ko dube ni ba. Na ce, "Inna, ki yahe mani. Tsoro na ji kada ranki ya ɓaci don an yanka."

Ta ɗaure bakin ƙullin ta zauna a kansa.

"Yankan an riga an yi shi, mi zan ce? Da ka hwaɗa mani tun ƙohwar gida, da na yi hwaɗa na gama, sannan ko ƙuda ban bari shi sauka ma a huska ba. Masussuka kuwa ko hanyarta ba ka bi." Sai muryarta ta karye. "Amma ka bar ni ban sani ba, har ni da bakina na ce ka zamna."

Duk tsawon kwanakin nan na ɗauka fushi take da ni, ashe maganar da ta yi a masussuka take ta juyawa a ranta. Na ɓoye mata don kada ta ji zafi, sai na ɗora mata wanda ya fi shi.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Rauni kan rufe daga sama tun ƙasansa na ɗanye, daina jin zafi ba shi ne warkewa ba. Mai rauni kuma ya faɗa wa mutanensa, ko da za su yi faɗa, domin masu ƙaunarka ba za su gan ka cikin ciwo su naɗe hannu ba, za su taimake ka da abin da suka sani, kuma iyakar abin da ka gaya musu suka sani. Yanzu in na ɗaure wa doki ƙafa, ba mai dokin kaɗai nake wa bayani ba. Sai na sa an kira mini duk wanda ke ba shi ruwa a gidan, na cire tabarau na nuna musu idon dama, sannan in ce kwana goma.